Yadda Za Ka Buga Kwafin Zanen Mace Mai Laima Na Monet Ba Tare Da Ka Kashe Haskensa Ba

A shekarar 1875, a garin Argenteuil da ke bakin kogin Seine kusa da birnin Paris, mai zanen nan ɗan ƙasar Faransa, Claude Monet, ya zana matarsa Camille da ɗansu Jean, wanda a lokacin bai wuce shekara takwas ba. Ta tsaya a kan tudu cikin ciyawa, riƙe da laima, ta waiwayo kamar an kira ta, iska tana kaɗa siririn mayafin da ya ratsa fuskarta, yaron kuma yana can baya, ciyawa ta rufe shi zuwa ƙugu. Daga ƙasa mai zanen yake hangen su, shi ya sa sararin sama da gajimare suka cinye fiye da rabin zanen. Yanzu yana gidan adana zane-zane na National Gallery of Art a Washington ta Amurka. Tsayinsa santimita 100 ne, faɗinsa 81.

Yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa a gabansa ba, amma mallakar kwafinsa mai kyau ba abu ne da ya gagara ba. Abin da ke damuna shi ne, kwafin da aka fi gani a kasuwa da intanet an riga an lalata su da sunan gyara. An ƙara wa shuɗin ƙarfi har ya koma na bokitin roba, an faranta rigar fat, an datse gefe don ya shiga firam. Duk darajar wannan zane a haskensa take, kuma haske shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a hannun injin bugu. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan kare shi suke.

Kafin mu shiga, akwai gidaje da yawa da ba a rataye hoton mutum a bango saboda dalilin addini, kuma wannan ra'ayi ne da ya cancanci girmamawa. Idan gidanku haka yake, matakan nan duka suna aiki a kan zanen furanni da ruwa da gonaki, waɗanda Monet ya bar su da yawan gaske.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema a cikin zanen

Kada ka yi gaggawar zuwa shagon bugu. Fara buɗe hoton a babbar fuskar kwamfuta ka ƙura masa ido.

Monet na cikin masu zanen da suka yi baje kolinsu na farko a Paris a watan Afrilun 1874, bayan da suka gaji da sharuɗɗan baje kolin hukuma. Su ne aka riƙa kira Impressionists, kuma wannan zane an nuna shi a baje kolinsu na biyu, a 1876. Abin da suka sa a gaba shi ne kama yadda haske yake sauka a kan abu a ɗan taƙaitaccen lokaci, kafin rana ta gusa. Don haka ba sa goge sawun buroshi, kuma ba su cika yin inuwa da baƙin fenti ba.

Ka matso da hoton ka dubi rigar Camille. Daga nesa fara ce. Daga kusa kuwa da ƙyar za ka sami farin da ba a gauraya ba: shuɗi-shuɗi ne da toka-toka a inda rana ba ta kai ba, sai fari mai ɗumi a gefen da hasken ya bugo ta baya. A wajen gwiwar hannunta akwai ɗan rawaya, wato hasken furannin da ke ƙasa ne ya haskaka rigar. Cikin laimar kore ne mai duhu. Inuwarta a kan ciyawa ma kore ce mai zurfi, ba baƙa ba. A kusurwar ƙasa ta dama akwai sa hannunsa da lamba 75. Waɗannan wurare ka riƙe su a ranka, domin da su za ka auna duk abin da injin zai fito maka da shi.

Sannan kada a rikita maka shi da wasu zane biyu da Monet ya yi a 1886, su ma na mace riƙe da laima a kan tudu, waɗanda ke gidan Musée d'Orsay a Paris. A waɗancan babu yaro, fuskar ba ta fito ba, kuma ba Camille ba ce, don ta rasu tun 1879. Masu sayarwa sukan sa wa ɗaya sunan ɗaya.

Mataki na biyu: ka samo fayil daga tushe

Monet ya rasu a 1926. A Nijeriya da ƙasashe da dama haƙƙin mallakar zane yana ƙarewa ne bayan shekara 70 da rasuwar mai shi, don haka wannan zane ya daɗe da zama na kowa. Gidan da ke riƙe da shi kuma yana ba da hotunan irin waɗannan ayyuka kyauta a shafinsa, ba sai an nemi izini ba. Ka shiga shafin National Gallery of Art, ka rubuta sunan zanen kamar yadda suka rubuta shi, Woman with a Parasol – Madame Monet and Her Son, ka sauke mafi girman fayil ɗin da suka bayar. Gidan Metropolitan na New York da Art Institute na Chicago su ma suna da irin wannan tsari, idan wani zanen kake so.

Hoton da ka tsinta a Facebook ko Pinterest ba zai yi ba. An matse shi sau da yawa, kuma ba ka san hannu nawa ya taɓa launinsa ba. Idan ka jera hotunan wannan zane guda biyar daga shafuka daban-daban, za ka ga sararin sama iri biyar. Na gidan adana zanen shi ne aka ɗauka daga ainihin zanen a ƙarƙashin haske da aka auna.

Wani kuskure da ke ɓata aiki tun kafin a fara shi ne tura fayil ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana rage girmansa ba tare da ta faɗa maka ba. Ka tura shi a matsayin takarda, ko ta imel, ko ka kai shi a filashi. Kuma kada ka yi ta buɗe fayil ɗin JPEG kana sake adana shi, don duk adanawa tana rage masa inganci.

Mataki na uku: lissafin girma

A nan ne son zuciya yake shigowa, kowa na son babba. To fayil ɗin ne zai faɗa maka iyakarsa. Ka duba bayanansa ka ga yawan fiksel na tsayi, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton.

Bugu mai kyau da za a duba daga kusa yana son fiksel 300 a kowane inci, wato kimanin 118 a kowane santimita. Wanda za a rataye a kalla daga taku biyu ko uku, fiksel 200 a inci sun wadatar, wato kimanin 79 a santimita. Misali, idan tsayin fayil ɗinka fiksel 4,000 ne, ka raba da 118, ka sami santimita 34. Ka raba da 79, ka sami kusan santimita 51. Tsakanin waɗannan biyu kake da 'yancin zaɓi. Idan ka ce sai ka kai shi girman na asali, santimita 100, fiksel ɗin za su sauko zuwa kusan 100 a inci, sawun buroshi ya narke ya zama dishi-dishi. Akwai manhajojin da ke ƙara girman hoto da fasahar ƙirƙirarriyar basira, amma ban ba da shawararsu a nan ba. Abin da suke yi shi ne ƙirƙiro abin da babu, kuma fuskar Camille da Monet ya bari da gangan a bayan mayafi, sukan mayar da ita sumul kamar ta 'yar tsana.

Sai batun siffa. Faɗin zanen kashi 81 ne cikin 100 na tsayinsa. Takardun A3 da A2 kuwa sun fi haka tsawo, faɗinsu kusan kashi 71 ne na tsayinsu. Idan mai shago ya danna a cika takarda, ɗayan biyu ne zai faru: ko a yanke gefe, yaron da sa hannun su shiga haɗari, ko a miƙar da hoton, matar ta ƙara tsawo. Ka ba shi awo da kanka. A takardar A3, hoton ya zama santimita 30 tsayi da 24.3 faɗi. A A2, ya zama 44.4 da 36. Ragowar farin gefen a bar shi, zai yi amfani wajen riƙewa da sa firam.

Mataki na huɗu: shago da tawada

Ba kowane mai babban inji ne yake wannan aiki ba. Injin da ke buga allunan talla da fastocin siyasa a kan leda an yi shi ne don abin da za a hanga daga tsallaken titi, ɗigon tawadarsa manya ne. Injin hoton biki kuma takardarsa mai sheƙi ce. Abin da kake nema shi ne injin fesa tawada mai launuka takwas zuwa goma sha biyu, irin Epson SureColor na jerin P ko Canon imagePROGRAF PRO. Irin wannan bugu ne masu sayarwa suke kira giclée, sunan da ya fara yawo a Amurka a farkon shekarun 1990. Sunan kaɗai ba ya tabbatar da komai, don babu wata hukuma da ke tantance wanda zai yi amfani da shi. Tawadar da takardar su ne abin tambaya.

Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke a ruwa. Tana da arha da ƙyalli, amma haske yana cinye ta, kuma ba a tare launukan suke kodewa ba, sai ka ga hoto ya karkata zuwa wani launi guda. Akwai kuma ta garin launi, wadda ake kira pigment, inda ƙananan ƙwayoyin launi suke zama a kan takardar. Ita ce ke jure shekaru masu yawa idan an kula da ita. Epson suna kiran tasu UltraChrome, Canon kuma Lucia.

Ka tambaya kai tsaye, cikin ladabi: "Malam, wane inji za ka buga mini da shi, kuma tawadar ta kamfanin ce ko ta ɗuri ce?" Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya ma nuna maka kwalin. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Idan babu irin wannan shago a garinku, masu ɗaukar hoto na sana'a sukan san inda ake yi, kuma ana iya aika fayil a buga a turo maka a naɗe.

Mataki na biyar: takarda ko ƙyallen kanbas

Ni takardar auduga marar sheƙi nake zaɓa wa wannan zane. Ka nemi wadda aka yi da auduga zalla, marar asid, mai nauyin giram 300 ko kusa da haka a kowace murabba'in mita. Hahnemühle Photo Rag mai giram 308 da Canson Infinity Rag Photographique mai 310 sanannu ne a wannan fanni. Takarda mai asid tana yin ja da tsufa, kuma a zanen da rabinsa gajimare ne da farar riga, wannan ja ba ya ɓoyuwa.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Irin wannan injin bugu ba shi da farar tawada. Duk farin da ka gani a hoton, farin takardar ne. Wasu takardu ana zuba musu sinadarin ƙara fari, wanda ke sa su yi fari mai shuɗi-shuɗi, kuma sinadarin yana mutuwa a hankali. A kan irin wannan takarda, ɗumin da ke gefen rigar da gajimaren yana yin sanyi. Ka zaɓi mai farin asali, wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan madara.

Kanbas yana da nasa kyau. A kansa aka yi zanen asali, ba ya buƙatar gilashi, kuma ya fi haƙuri da ƙarancin fiksel saboda saƙarsa tana ɓoye laushin hoto. Sai dai saƙar tana iya yin gardama da sawun buroshin Monet idan hoton ƙarami ne. Idan shi ka zaɓa, ka ja kunnen mai ɗaurawa cewa kada ya naɗe hoton a gefen katako. Naɗewar tana cin santimita uku ko huɗu a kowane ɓangare, kuma sa hannun yana dab da kusurwa. A ƙara farin gefe na musamman don naɗi. A kuma shafa masa maganin kariya marar sheƙi. Masu shafa wani kauri a sama don ya yi kama da fenti na gaske, ka hana su, domin sawun da suke yi ba ya bin na mai zanen.

Mataki na shida: gwaji kafin bugu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ana ganin ɓarnar takarda ce.

Da farko ka roƙi mai injin ya kashe duk wani gyaran launi da kwamfuta ke yi da kanta. Kada ya ƙara kaifi, kada ya ƙara ƙarfin launi. Kada kuma ya juya fayil ɗin zuwa CMYK, wato tsarin launi na maɗaba'a, kamar yadda ake yi wa katin gayyata, a bar shi a RGB ɗinsa, wato tsarin launi na fuskar kwamfuta, injin zai yi nasa lissafin. Kowace takarda tana da ɗan fayil ɗin daidaita launi da ake kira ICC, wanda kamfanin takardar ke bayarwa kyauta don injina daban-daban. Ka tambaya ko ya sa wanda ya dace da takardar da ka zaɓa.

Sannan a buga maka tsiri ɗaya, ba dukan hoton a ƙanƙance ba. A yanko wani yanki a ainihin girman da za a buga, faɗin tafin hannu, wanda ya taso daga laimar, ya bi ta fuska da riga, ya sauka a inuwar ciyawa. Ka bar shi ya sha iska na ɗan lokaci, don launi yana ɗan canzawa idan tawada ta bushe. Ka fita da shi bakin ƙofa ko taga, inda akwai hasken rana amma ba a cikin ranar ba. Fitilar shago tana yaudarar ido.

Yanzu ka koma wuraren nan da ka riƙe. Shin shuɗin inuwar rigar yana nan, ko ta zama fara fat? Rawayan gwiwar hannu ya fito? A cikin laimar kana iya ganin bambancin kore da kore, ko ya dunƙule ya zama baƙi? Gajimaren yana da sawun buroshi, ko ya zama farin fili? Sararin saman shuɗi ne, ko ya juya zuwa shunayya? Ka kuma duba ko akwai siraran layuka a kwance, alamar cewa bakin injin ya toshe yana son wanki.

Kusan kullum bugu yakan fi abin da ke fuskar kwamfuta duhu, saboda ita fuskar haske take fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta. Idan ya yi duhu, a ɗan ƙara haske kaɗan kawai a wuraren da ke tsakanin duhu da haske, a sake gwadawa. Kada a taɓa wuraren da suka fi haske, don da zarar sun ƙone ba sa dawowa. Gwaji biyu ko uku ba asara ba ne idan ka kwatanta da babbar takardar auduga da za a jefar. In ka gamsu, ka sa hannu a bayan tsirin, ka ce da shi za a auna na ƙarshe.

Mataki na bakwai: ɗauka da sa firam

Fuskar takardar auduga ba ta son taɓi. Farce ko gumin yatsa yana barin tabon da ba ya gogewa, musamman a wurare masu duhu. Ka riƙe ta a gefe da hannu biyu masu tsabta. A bar ta a shimfiɗe kwana ɗaya kafin a rufe ta da gilashi. Idan dole sai an naɗe, a sa takarda mai laushi a kan fuskar, a yi amfani da bututun kwali mai faɗi.

Wajen mai firam kuma sai ka tsaya a kansa, don abin da ya saba yi wa takardar shaidar makaranta shi zai yi maka. Kada a yi laminatin. Kada a shafa gam a manne hoton a katako. Kada salatif ya taɓa shi, don gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Ana rataye hoton ne daga gefen sama kawai, da 'yan tsirin manni marar asid guda biyu, don takardar ta sami damar miƙewa da tsukewa idan yanayi ya canza. Tsakanin hoton da gilashi a sa kwali mai kauri marar asid da aka yanke wa taga. Amfaninsa ya wuce ado: yana hana fuskar hoton manne wa gilashi lokacin damina. Launinsa ya zama fari mai ɗan ɗumi. Bayan hoton ma kwali marar asid za a fara sawa, ba kwalin taliya ko katako tsirara ba.

A ƙarshe a liƙe bayan firam ɗin gaba ɗaya da takardar manni. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafar da ido ba ya gani, haka ma ƙananan ƙwarin da ke cin takarda. Idan ka sami gilashi mai tare hasken da ke kodar da launi, ya cancanci kuɗinsa. Robar da ake sawa a madadin gilashi ba ta fashewa, amma tana jan ƙura a lokacin sanyi kuma tana saurin karcewa. Firam ɗin kansa siriri ya fi, na katako ko mai ruwan zinariya da ba ya walƙiya, don kada ya fi zanen surutu.

Mataki na takwas: bangon da zai zauna

Ka zaɓi bangon da rana ba ta bugunsa kai tsaye a kowane lokaci na yini. Gidajen adana zane suna rage haske sosai a ɗakunan ayyukan takarda, saboda ɓarnar haske taruwa take yi kuma ba ta gyaruwa. Ka nisanci bangon da ke jan danshi da damina, da na kusa da kicin, da wurin da ake turare kullum, don hayaƙi yana kwanciya a kan kanbas. Ka manna 'yan ƙananan roba biyu a kusurwoyin ƙasa na bayan firam don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango, wannan yana rage fumfuna. Tsakiyar hoton ta zo daidai ido, ko ta ɗan fi haka kaɗan, tunda dama daga ƙasa aka hango matar.

Idan kuma ka fi son sayen wanda aka riga aka buga, tambayoyin ba su canza ba: wace tawada, wace takarda, kuma an datse hoton ko ba a datse ba. Ka raba faɗin hoton da tsayinsa, in bai zo kusa da 0.81 ba, an taɓa shi. Wanda ya ce maka nasa na musamman ne mai lamba da takardar shaida, har ya ninka kuɗi a kan haka, ka tuna cewa kowa na iya sauke wannan fayil ya buga. Kuɗin da za ka biya na takarda ne da tawada da ƙwarewar mai bugu.

Wajen shara, kada a fesa ruwa a kan gilashin, yana gangarawa ya shiga ta ƙasan firam. A ɗan jiƙa tsumma mai laushi a goge. Kanbas kuwa busasshen buroshi mai taushi ya ishe shi. Duk ƙarshen damina ka sauke firam ɗin ka duba bayansa, ko manni ya ɗaga, ko gara ta fara hanya a bangon.